Tarihin Daddawar Mutanen Koriya

A cikin watan Disamba na shekarar 2024 wakilan ƙasashen duniya suka taru a birnin Asunsiyon na ƙasar Paraguwai, a ƙarƙashin hukumar UNESCO, watau reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu. A cikin abubuwan da suka zartar har da shigar da wata sana'ar matan Koriya ta Kudu a littafin al'adun da ya wajaba 'yan Adam su kiyaye. Sana'ar kuwa ita ce haɗa abin miya daga waken soya da gishiri da ruwa. Wani zai ce, mene ne abin tara manyan mutane a kan kayan miya? To, mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu, musamman malaman ofis da malaman makaranta, tarihin wannan abu tun daga tushe, domin akwai abin lura a cikinsa.

Mene Ne Dwenjang?

Ƙasar Koriya tana can gabashin Asiya, tsakanin Sin da Japan, teku ya kewaye ta ta fuska uku. Ƙasa ce mai duwatsu, hunturunta kuwa mai tsanani ne ƙwarai, har koguna sukan daskare. Abincin mutanenta shinkafa ne da ganye da kifi. Abin da ke ba miyarsu daɗi su kan kira shi jang, kuma iri uku ne manya. Akwai ganjang, ruwa ne baƙi mai gishiri. Akwai gocujang, wanda ake haɗawa da barkono. Sa'an nan akwai dwenjang, wanda a kansa za mu yi magana, ma'anar sunan kuwa jang mai kauri. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, kaurinsa kamar na tunkuza, warinsa kuma da ƙarfi. Duk Bahaushen da ya shaƙe shi, daddawa ce za ta fara faɗo masa a rai, shi ya sa muka ara masa wannan suna.

Yadda Ake Yin Sa

Aikin yakan fara ne bayan kaka, wajen watan Nuwamba, sa'ad da sanyi ya kunno kai. Matan gida su wanke wake, su jiƙa shi, su dafa shi a babbar tukunyar ƙarfe sa'o'i da yawa, har ya yi laushin da yatsa biyu za su murje shi. Sai a zuba a turmi a kirɓa, a cura shi kamar tubali. Wannan curi shi ake kira meju. In ya sha iska ya yi tauri, sai a ɗaure shi da karan shinkafa a rataye a ƙarƙashin rufin ɗaki har makonni. Daga nan a shigar da shi ɗaki mai ɗumi a lulluɓe, gama gidajensu na gargajiya ta ƙarƙashin daɓe ake hura musu wuta. A nan curin yake tsagewa, funfuna fara da rawaya ta fito masa.

Idan watan farko na shekararsu ya kama, wajen Fabrairu ke nan, sai a wanke curin nan a shanya, a jera shi cikin manyan randunan ƙasa, a zuba ruwan gishiri. Awon gishirin nan shi ne gwanintar. In ya yi kaɗan abin ya lalace, in ya yi yawa ya ƙi nuna. Tsofaffin mata da ƙwai suke gwadawa: a saka ɗanyen ƙwai a ruwan, in ya taso har bayansa ya fito kamar faɗin kwabo, to gishiri ya yi daidai. Sa'an nan a jefa gawayi da busasshen barkono da 'ya'yan wata itaciya 'yar'uwar magarya. Da rana a buɗe randa ta sha hantsi, da yamma ko in hadari ya taso a rufe.

Bayan kwana 40 zuwa 60 sai a raba. Ruwan da aka tace shi ne ganjang. Curin da ya jiƙe kuwa sai a marmashe shi, a danna shi a wata randa, a barbaɗa gishiri a kai, a bar shi watanni, wani ma shekaru. Shi ne dwenjang. Ashe ke nan daga randa guda ake samun kayan miya biyu. Randunan kuwa wuri na musamman ake gina musu a bayan gida, wani dandamali na dutse inda rana take bugawa, kuma a dā da yawan randunan gida ake gane ƙarfin mai shi.

Masana na zamani da suka duba da madubin likita sun gano sirrin abin. A jikin karan shinkafa da cikin iska akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, babbansu shi ne wanda ake kira Bacillus subtilis, tare da ire-iren funfuna. Su ne suke narkar da abin gina jiki da ke cikin wake, su mai da shi mai saurin narkewa a ciki, mai ɗanɗano kamar romon nama. Gishiri kuma ya tsare shi daga ruɓa. Matan da suka ɗaura karan shinkafa shekaru ɗaruruwa ba su san sunan halittar nan ba, amma sun san in babu karan, curi ba ya yin kyau.

Abin Da Littattafai Suka Adana

Waken soya ɗan asalin gabashin Asiya ne, an daɗe ana nomansa a arewacin Sin da Mancuriya da Koriya tun kafin a fara rubuta tarihi. Labari mafi tsufa a rubuce ya fito ne daga hannun maƙwabta. A ƙarni na 3 na Miladiyya wani malamin Sin mai suna Chen Shou ya rubuta tarihin dauloli uku na ƙasarsu, a ciki ya taɓo mutanen Goguryo, wata daula da ta mallaki arewacin Koriya da wani yanki na Mancuriya, ya shaide su da tsabta da gwanintar tsima abinci su adana. Haka kuma tarihin daular Tang ta Sin, da ya zo lissafa kayayyakin da ƙasar Balhae ta yi suna da su, ya sa tsimammen waken wani gari nata a ciki. Ita Balhae ta yi zamani daga 698 zuwa 926.

Amma labarin da Koriyawa suka fi ji da shi na wani aure ne. A shekarar 683 Sarki Shinmun na daular Shilla, a kudu maso gabashin ƙasar, ya nemi 'yar wani basarake mai suna Kim Heum-un. Da aka tashi kai lefe, sai aka ɗora tufafin siliki a amalanke 15, hatsi a amalanke 150, sa'an nan amalanke 135 na kayan abinci, a cikinsu akwai shinkafa da mai da zuma da busasshen nama, da jang, da tsimammen wake. Ku duba fa, abin miya ne a cikin lefen sarki, kafaɗa da kafaɗa da zuma da siliki.

Ta yaya muka san adadin amalanken nan? Domin wani magatakarda na fada ya ƙidaya ya rubuta. Bayan shekara 462, watau a 1145, wani babban malami kuma waziri mai suna Kim Bu-shik ya tattara tsofaffin takardu bisa umarnin sarkin zamaninsa, ya shirya littafin da ake kira Samguk Sagi, lissafin lefen nan ya shiga ciki. Shi magatakardan ba wanda ya san sunansa yau. Watakila ma a ranar yana ganin aikin banza aka sa shi. Ga shi kuwa bayan shekara fiye da 1,300 da alƙalaminsa ƙasarsa take kafa hujja a gaban duniya.

Garkuwar Yunwa

A zamanin daular Goryo, wadda ta yi mulki daga 918 zuwa 1392, kuma daga sunanta aka sami kalmar Koriya, addinin Buddha ya yi ƙarfi, cin nama ya ragu a wurin mutane da yawa. Ga shi kuma dabbobi ba su wadaci talaka ba. Saboda haka wake ya zama naman talaka, dwenjang kuwa ita ce hanyar da za a ajiye waken nan shekara ta zagayo bai lalace ba. Mai shinkafa ko sha'ir kaɗan, in yana da cokali guda na dwenjang da ganyen da ya tsinko a gindin dutse, ya sami miya.

Hukuma ma ta san haka. Tarihin Goryo ya nuna cewa a shekarar 1018, sa'ad da mayaƙan Kitan suka addabi arewacin ƙasar, mutane suka shiga sanyi da yunwa, sarki ya sa aka raba musu gishiri da jang. A shekarar 1052 kuma yunwa ta faɗa wa babban birnin, wanda yau ake kira Kaesong a Koriya ta Arewa, aka raba wa mutum wajen 30,000 shinkafa da gero da tsimammen wake. Mai hankali ya san dalili. Hatsi yana cika ciki, amma shi kaɗai ba ya riƙe jiki. Mayunwaci yana bukatar gishiri da abin gina jiki, ga su kuwa duka biyu a randa ɗaya.

Daular Joson, wadda ta gaji Goryo a 1392, ta ƙara gaba. Sarki Sejong ya ƙago wa harshensu baƙaƙensa na kansa a 1443, domin rubutun Sinanci ya fi ƙarfin talaka. A shekarar 1554 gwamnati ta buga wani ɗan littafi na dabarun tsira daga yunwa da waɗannan baƙaƙe, a ciki har da yadda za a haɗa jang da saiwoyin daji in wake ya yi ƙaranci. Babban littafin magani na likitan fada Heo Jun, wanda aka buga a 1613, shi ma ya lissafa jang cikin abubuwan da ake magani da su. A fadar sarki kuwa akwai farfajiya guda ta randuna zalla, da wata babbar jakadiya wadda ba ta da wani aiki sai kula da su.

Akwai wani labari da suke bayarwa na zamanin yaƙinsu da Japan a ƙarshen ƙarni na 16. Wai da sarki ya yi niyyar ƙaura daga birni, sai aka ce a tura wani ma'aikaci gaba ya shirya jang a inda za a sauka. Aka zaɓi wani mai suna Shin. Sai fadawa suka ce a'a, gama sunan nan ya yi kama da kalmar tsami a harshensu, kada ya je ya tsamar da randunan sarki. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, ya isa ya nuna cewa ko ana gudun yaƙi ba a mance da abin miya ba. A wajen wannan zamani ne kuma barkono, ɗan asalin Amurka, ya iso Koriya, daga baya aka sami gocujang. Saboda haka shi ƙane ne, dwenjang da ganjang su ne yayye.

Ilmin Mata

Duk da littattafan malamai, ainihin sanin yana hannun mata. Uwa ta koya wa 'yarta, uwar miji ta koya wa matar ɗanta, kowane gida da irin ɗanɗanonsa. Suna da karin magana cewa in gida zai lalace, daga randar jang ake fara ganewa. Suna kuma cewa daɗin jang ya fi kyan kaskon da aka zubo shi, kamar dai yadda mu kan ce ba girma ba, azanci. Saboda girman abin a wurinsu sun kewaye shi da camfe-camfe irin na gargajiyarsu. Sukan zaɓi rana, an fi son wadda suke kira ranar doki. Sukan ɗaura wa randa igiyar kara da aka soka wa barkono da gawayi, irin wadda suke ratayawa a ƙofar mai jego. Sukan kuma yanka farar takarda da siffar safa su manna ta a kife a jikin randa.

A shekarar 1809 wata malama mai suna Yi Bingheogak ta yi abin da ya kamata a yaba mata. Ta rubuta littafin tafiyar da gida da baƙaƙen harshensu, yadda 'yan'uwanta mata za su iya karantawa, ta bayyana zaɓen ruwa da gishiri da randa da lokacin haɗawa dalla-dalla. Kafin ita, a 1766, wani likita mai suna Yu Jung-rim ya yi dogon bayani a kan ire-iren jang a littafinsa na noma da zaman ƙauye, ya ɗora shi a kan dukan kayan ɗanɗano.

Wata al'adarsu kuma ita ce ajiye iri. Ba a bari tsohon ganjang ya ƙare ƙaf, sai a riƙa ƙara masa sabo kowace shekara, ya zama randa ɗaya tana ratsa kakanni da jikoki. A watan Nuwamba na 2017, da Shugaban Amurka Donald Trump ya ziyarci birnin Seoul, an ba shi nama da aka gasa da ganjang na wani tsohon gida a yankin Damyang, wanda aka ce irinsa ya shekara 360.

Zuwan Masana'antu

Daga 1910 zuwa 1945 Japan ta mallaki Koriya. Japanawa suna da nasu irin, wanda suke kira miso, da nasu ruwan miya, suka kakkafa masana'antu domin mutanensu da sojojinsu. Tun daga lokacin aka sami iri biyu a kasuwa, na gida da na inji. Da Japanawa suka tafi, 'yan ƙasa suka karɓi injunan. Sai kuma ga yaƙin 1950 zuwa 1953, wanda ya tarwatsa miliyoyin mutane daga gidajensu. Mai gudun hijira ba ya ɗaukar randa a ka, tilas ya sayi abin da ya samu.

Bayan yaƙi Koriya ta Kudu ta shiga gina masana'antu, mutanen ƙauye suka kwarara birni. Yau fiye da rabin gidajen ƙasar ɗakuna ne a cikin dogayen benaye, inda babu tsakar gida, balle dandamalin randuna, maƙwabci kuma ba zai yarda da warin meju ba. Mata suka fita aiki. Shi na inji kuwa ga arha ga sauri, gama ana zaɓen funfuna iri ɗaya a zuba, sau da yawa a haɗa da garin alkama, cikin ɗan lokaci ya nuna. Yawancin waken da ƙasar take amfani da shi ma daga waje ake sayo shi. Dwenjang bai ɓace daga tukunya ba, har yau miyarsa da ake dafawa da awara da kabewa tana cikin abincin yau da kullum, ko da yake likitoci suna gargaɗi a kan yawan gishirinsa. Abin da ya tasam ma ɓacewa shi ne sanin yadda ake yin sa da hannu.

Da hukuma ta farga, sai ta tashi tsaye. Ta riƙa ba gwanayen sana'ar lambar girma da sunan gwanayen abincin gargajiya. A birane aka buɗe wuraren da iyali za su zo su haɗa nasu a randar haya, har 'yan makaranta ana kai su su koya. A shekarar 2018 gwamnati ta sa haɗa jang cikin jerin al'adun ƙasa da doka ta tsare, ba ta kuwa danƙa shi ga mutum ɗaya ko gida ɗaya ba, ta ce na kowa ne. Daga nan aka kai maganar gaban UNESCO, aka yi nasara a 2024, shekara 11 bayan an karɓi al'adarsu ta haɗa kimci, watau tsimammen kabeji, a 2013.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mun ce tun farko abin nan ya yi kama da daddawa, kuma kamar ba ta tsaya a wari kaɗai ba. Masana sun tabbatar cewa halittar nan Bacillus subtilis ita ce dai take aiki a cikin kalwa sa'ad da iyayenmu mata suka dafa ta suka rufe ta kwana biyu ko uku. Koriyawa ma suna da wani iri na gaggawa mai suna conggukjang, wanda kwana biyu ko uku ya ishe shi, shi ne ya fi kusa da tamu. A kudancin Kaduna da ƙasar Binuwai kuwa mata sun daɗe suna yin daddawa da waken soya kansa. Mutane biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, bukata ɗaya ta kai su ga dabara ɗaya.

Bambancin shi ne su sun rubuta. Suna iya buɗe littafi su nuna maka shekarar 683, da 1052, da 1809. Mu kuwa ko sunan da masana itatuwa suka ba ɗorawa a littattafansu, watau Parkia, daga sunan Baturen nan matafiyi Mungo Park aka ciro shi. Ga ɗunƙulen kanti ya shiga kowace tukunya, ga itatuwan ɗorawa ana sarewa ana gawayi, ga tsofaffin da suka san sirrin kalwa da na daddawar batso suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, kowa ya sa almajiransa su je wurin kakanninsu mata su tambayo yadda ake daddawa a garinsu, kwana nawa, da wane ganye ake rufewa, da wace toka ake gyarawa, su rubuto da Hausa a ajiye a makaranta. Malaman ofis kuma, in an sa ku ƙidayar itatuwan gona ko lissafin kayan kasuwa, kada ku ɗauke shi aikin wofi, ku rubuta daidai, ku adana takardun inda gara da ruwa ba za su ci ba. Magatakardan Sarki Shinmun bai san wanda zai karanta lissafinsa ba, ku ma ba ku san wanda zai nemi naku ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma albarkaci abin da muke nomawa, amin.